Takardar Ƙin Biyan Kuɗin Jinya Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a shafin wasiƙu domin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Amurka, na Bronx da sauran garuruwa, da kuma iyayensu na gida waɗanda ake bugo wa waya cikin dare a ce za a sallami yaro daga asibiti alhali bai samu kansa ba. Maganarmu a kan yadda kamfanonin inshorar lafiya na can ke ƙin biyan kuɗin jinyar larurar ƙwaƙwalwa da ta shaye-shaye ne, da hanyar da doka ta shimfiɗa domin a ƙalubalance su. Mafi yawan mutanenmu idan takardar ƙi ta iso, ninke ta suke yi su ce haka Allah ya so. Ba su kaɗai ba ne. Binciken cibiyar KFF kan inshorar da ake saye ta kasuwar gwamnatin tarayya ya nuna cewa cikin buƙatun biyan da aka ƙi, waɗanda ake ɗaukaka ƙara a kansu ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Tawakkali gaskiya ne, amma sai an ɗaure raƙumi, kuma a wannan harkar igiyar ita ce takarda da wa'adi.

Kamfani yana duba jinya a lokuta uku: kafin a fara, tana cikin gudana, da bayan an gama. Na tsakiyar shi ne ya fi cin mutane. Idan an kwantar da mutum a cibiyar jinyar shaye-shaye, kamfani ba ya amincewa da wata guda a dunƙule. Kwanaki kaɗan yake bayarwa, uku ko biyar ko bakwai, sannan ma'aikacin asibitin da aka ɗora wa wannan aiki ya sake kira ya nemi ƙari. Wanda ke amsa wayar a ɓangaren kamfani ma'aikacin jinya ne ko mai ba da shawara, yana da ma'auni a gabansa yana dubawa. Shi yana iya amincewa, amma idan zai ƙi sai ya miƙa wa likitan kamfani. Wannan likitan bai taɓa ganin majinyacin ba. Abin da aka rubuta a fayil kaɗai ya sani.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mu, kuma muna so a ji wannan da kyau. Likita ya shigo zagayen safe ya tambayi yaro ya jiki, yaro ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, domin haka aka koya masa tun yana ƙarami. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta: ya yi barci, ya ci abinci, yana da ladabi, ya ce ba ya tunanin kashe kansa. Layuka huɗu ke nan, kuma duk gaskiya ne. Amma mai bitar kamfani idan ya karanta su abin da zai fahimta shi ne babu sauran dalilin riƙe wannan mutum a gado. Ba a rubuta cewa ƙishirwar ƙwaya na tashinsa ƙarfe uku na dare ba, ko cewa ɗakin da zai koma yana kwana ne da abokin da suka fara sha tare, ko cewa sau biyu ana sallamarsa a baya yana komawa gidan jiya cikin mako guda. Dole a zaunar da majinyaci a faɗa masa cewa gaban likita ba wurin kawaici ba ne. Idan Turancinsa bai kai ya bayyana abin da ke ransa ba, a nemi tafinta, asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar kyauta. Kada a sa ƙaninsa ko mahaifiyarsa yin tafinta, domin ba zai faɗi gaskiya a gabansu ba.

Dalilin da aka fi rubutawa a takardar ƙi shi ne wai wannan matakin jinya ba larura ba ne, wato za a iya kula da shi a matakin da ya fi sauƙi da araha. Domin a gane wannan magana sai an san tsanin. Ƙungiyar likitocin shaye-shaye ta Amurka, ASAM, ta jera matakan: mataki na 1 zuwa asibiti daga gida lokaci-lokaci, 2.1 zuwa na awa 9 zuwa 19 a mako, 2.5 awa 20 ko fiye a mako ana kwana gida, sai 3.1 da 3.5 da 3.7 na zama a cibiya dare da rana inda kulawar likita ke ƙaruwa yayin da lamba ke hawa, sai mataki na 4 kwanciya a asibiti sosai. Kusan duk rigimar a kan gangarowa daga 3.5 ko 3.7 zuwa 2.5 ko 2.1 take. A bugu na uku na ma'aunin, ana auna mutum ta fuskoki shida: haɗarin maye da azabar da jiki ke shiga idan an yanke ƙwaya, sauran cututtukan jiki, halin ƙwaƙwalwa da tunani, shirinsa na canzawa, haɗarin komawa, da yanayin wurin da zai zauna. Bugu na huɗu da ya fito a 2023 ya sake jera su, don haka a tambayi kamfani da wane bugu ya yi aiki. Ga larurar ƙwaƙwalwa zalla akwai ma'auni makamancinsa mai suna LOCUS na manya, da CALOCUS na yara da matasa.

Abin da ke faruwa shi ne kamfani ya kalli fuskar farko kawai. Jiki ya daina rawa, amai ya tsaya, gumi ya ɗauke, to a tafi gida. Alhali wannan lokacin shi ne mafi haɗari ga mai shan ƙwayoyi dangin hiroyin da fentanil, domin bayan kwanakin da ya yi ba ya sha, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Idan ya koma ya sha yadda yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Wannan ba ra'ayinmu ba ne kawai, kotu ma ta taɓa faɗa. A watan Maris na 2019, a shari'ar da aka sani da Wit, alƙali Joseph Spero na kotun tarayya da ke San Faransisko ya yanke cewa ƙa'idojin cikin gida na kamfanin United Behavioral Health sun karkata ga kwantar da rikicin nan take, sun yi watsi da ainihin ciwon da ke ƙasa, kuma lissafin kuɗi ya yi tasiri a yadda aka tsara su. Ya lissafa abubuwan da likitoci suka yarda da su: a yi maganin tushen ciwo, a haɗa da sauran cututtukan da ke tare da shi, idan ana shakka tsakanin matakai biyu a zaɓi na sama, kuma jinyar da ke hana mutum lalacewa jinya ce ko da ba a ga yana ƙara samun sauƙi ba. A 2020 ya umarci a sake duba buƙatu kusan 67,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara ta rushe muhimman sassan hukuncin a 2022 da 2023, har da umarnin sake dubawar, saboda haka kada wanda ya rubuta ƙara ya kafa hujja da shi kamar doka ce tsayayya. Amfaninsa shi ne ya nuna inda za a sa yatsa. Ya kuma haifar da dokoki a jihohi: Kalifoniya ta yi dokar SB 855 da ta fara aiki a Janairun 2021, wadda ta tilasta wa kamfanoni amfani da ma'aunin ƙungiyoyin likitoci maimakon nasu.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, a gano wace irin inshora ce, domin kowace da ƙofarta. Idan ta wurin aiki ce, a tambayi ofishin ma'aikata tambaya ɗaya: kamfanin inshora ne ke ɗaukar nauyin biya, ko ma'aikatar ce ke biya daga aljihunta ta ɗauki kamfanin ya gudanar mata kawai? Katin ba ya nunawa, sunan kamfani ɗaya ne a kai. Idan ma'aikatar ce ke biya, dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ce ke mulki, kuma dokokin jiha ba su shafe ta ba. Misali, jihar Niyok, inda Bronx take, tana da doka mai kyau da ta hana neman izini tun farko da bitar tsakiyar jinya a kwanaki 28 na farko na kwanciyar shaye-shaye, in dai cibiyar tana cikin jerin kamfanin, tana da lasisin jiha, kuma ta sanar da kamfani cikin ranakun aiki biyu. Amma mai aiki a babban kamfanin da ke biya da kansa ba zai ci wannan moriyar ba ko da a tsakiyar Bronx yake kwana. Mutane da yawa sun ɓata makonni suna kai kuka hukumar jiha kan inshorar da hukumar ba ta da iko da ita.

Sai wa'adi. A inshorar wurin aiki da wadda mutum ya saya da kansa, ana da kwana 180 daga samun takardar ƙi domin ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Kamfani zai amsa cikin kwana 30 idan ba a riga an yi jinyar ba, kwana 60 idan an riga an yi ana neman biya, awa 72 idan na gaggawa ne. Idan mutum yana kwance ana neman ƙarin kwanaki, kuma an nema aƙalla awa 24 kafin kwanakin da aka amince su ƙare, amsa cikin awa 24 take. Wannan sharaɗin na ƙarshe asibitoci kan yi sakaci da shi, su kira ranar da kwanakin suka ƙare. Iyali su san ranar, su rubuta ta, su tuna wa asibiti kwana biyu kafin nan. A kuma bambance abu biyu: idan kamfani ya amince da kwana 14 sannan ya zo a rana ta 8 ya ce ya janye, dole ya ba da sanarwa da wuri kuma ya ci gaba da biya har a gama ƙara. Idan kwanakin ne suka ƙare ya ƙi ƙarawa, wannan kariyar ba ta nan, kuma kowace ranar da aka ƙara tana iya zama bashi a wuyan iyali idan ƙara ta faɗi. A tambayi asibiti nawa ne kuɗin kwana ɗaya, a rubuce, kafin a yanke shawarar zama.

Masu Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, nasu daban ne kuma ya fi gajarta. Kwana 60 ne daga ranar da ke kan takardar, ba ranar da aka buɗe ambulan ba. Wanda ke son a ci gaba da jinyar da aka riga aka amince da ita yayin da ake ƙara, sai ya nema cikin kwana 10. Idan kamfani ya sake ƙi, akwai zaman sauraro a gaban jami'in jiha, wanda ake nema cikin kwana 90 zuwa 120 gwargwadon jihar. Kwana goman nan su ne suka fi kuɓuce wa mutanenmu, musamman waɗanda suka sauya gida ba su sauya adireshi ba, ko waɗanda akwatin wasiƙa ɗaya ke haɗa su da mutum shida.

Wani abin da ke tsayar da iyaye cak shi ne sirri. Yaro na iya zama ƙarƙashin inshorar mahaifinsa har ya cika shekara 26, amma da ya kai 18 kamfani ba zai tattauna jinyarsa da mahaifin ba sai ya sa hannu a takardar wakilci. Bayanan jinyar shaye-shaye ma suna da ƙarin kariya a dokar tarayya fiye da sauran bayanan lafiya. Uba zai ji wannan kamar raini, shi ke biya kuma shi ya haifa, amma fushi a waya ba ya buɗe fayil. A cike takardar ranar da aka kwantar da shi, tun yana iya riƙe biro kuma tun bai yi fushi da kowa ba. A ƙarar gaggawa kuwa likitan da ke duba shi yana iya tsayawa a madadinsa ba tare da jiran wannan takardar ba.

Mataki na farko bayan ƙi yawanci waya ce tsakanin likitan majinyaci da likitan kamfani. Ƙofar tana buɗe ne na ɗan lokaci, wani lokaci yini ɗaya, kuma kiran kansa mintuna kaɗan ne. Likitan da ya shiga kiran yana cewa majinyacina yana buƙatar ƙarin lokaci, ya faɗi. Wanda ya shiga da lambobi shi ake saurara: makin COWS na azabar yankewar ƙwaya jiya da yau, makin CIWA ga mai shan giya, makin PHQ-9 na ciwon damuwa wanda ƙarshensa 27 ne, sakamakon gwajin fitsari, adadin maganin da ake ba shi da ranar da aka sauya shi. Ga mai giya a tuna wa likitan kamfani cewa ruɗewar da ke iya kisa takan zo ne kwana biyu zuwa huɗu bayan kofi na ƙarshe, don haka natsuwar rana ta farko ba shaida ba ce. Iyali suna da damar tambayar asibiti ko an yi wannan kira, da wa, kuma me aka ce. A lura cewa kiran ba ya maye gurbin ƙara kuma ba ya tsayar da agogon wa'adi.

A daidai lokacin a nemi takardu a rubuce, kyauta ne: cikakken fayil ɗin buƙatar, ainihin ma'aunin da aka yi amfani da shi, bayanan da mai bita ya rubuta, da suna da ƙwarewar likitan da aka tuntuɓa. A inshorar ERISA a nemi kundin tsarin inshorar daga mai gudanar da shi, wanda sau da yawa ma'aikatar ce da kanta. Idan ya wuce kwana 30 bai bayar ba, kotu na iya cin sa tara har dala 110 a kowace rana. Ambaton wannan a wasiƙa yakan sa takardu su fito da sauri. Idan an samu fayil ɗin a karanta shi layi-layi, domin wani ƙin ba shi da alaƙa da ra'ayin likita, kuskuren ofis ne: lambar cuta da aka rubuta ba daidai ba, kamar a sa ta shan giya F10.20 a wurin ta ƙwaya F11.20, ko zaman likitan tunani da aka nemi kuɗinsa da lambar 90837 ta minti 53 ko fiye alhali takardar zaman ba ta nuna lokacin farawa da gamawa ba. Irin wannan gyaran buƙata yake so, ba doguwar ƙara ba.

Wasiƙar ƙarar kanta, muna roƙon a rage kuka a cikinta. Mun san zafin, amma mai karantawa an ba shi ma'auni ne, kuma abin da ya dace da ma'aunin kaɗai zai iya amfani da shi. A fara da suna, lambar inshora, lambar buƙata, ranakun jinyar da ake magana a kai, da abin da ake so a fili: a biya mataki kaza daga ranar kaza zuwa ranar kaza. A kwafo dalilin ƙin kalma da kalma. Sannan a bi fuskokin nan shida ɗaya bayan ɗaya, kowace da shaidarta da lambar shafinta a fayil. Fuska ta biyar da ta shida su ne iyali suka fi kowa sani, kuma su ne aka fi bari fayau. A rubuta tarihin da kwanan wata: yaushe aka gwada zuwa daga gida, sau nawa, kwana nawa ya yi kafin ya koma, yaushe aka kira motar asibiti, ko an taɓa farfaɗo da shi da naloxone, maganin da ke dawo da numfashin wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Idan an taɓa kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Kano ko Kaduna ko Yamai lokacin da aka mai da shi gida, a nemo takardar a haɗa. Iyalai kan ɓoye wannan don kunya, alhali ita ce shaidar cewa ciwon ya daɗe kuma matakin ƙasa bai riƙe shi ba. A bayyana gidan yadda yake: uba yana tuƙin tasi har asuba, uwa tana aikin kula da tsofaffi a wani gida kwana huɗu a mako, babu mai ido a kansa, mai sayar masa yana bene ɗaya da su. A haɗa da wasiƙar likita mai sa hannu. A aika ta hanyar da ke barin shaida, fakis mai rasit ko wasiƙar rajista, a riƙe kwafi, kuma kowace waya a rubuta rana, lokaci, sunan wanda aka yi magana da shi da lambar kiran.

Dalilin da ya sa muke matsawa kan cika fayil tun yanzu shi ne abin da ke gaba. Idan magana ta kai kotu a ƙarƙashin ERISA, alƙali yawanci ba ya karɓar sabuwar shaida, abin da aka shigar lokacin ƙarar cikin gida kaɗai yake dubawa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Firestone, idan kundin inshora ya ba mai gudanarwa ikon fassara, alƙali ba ya tambayar ko kamfani ya yi daidai, sai dai ko ya wuce gona da iri. Babu diyyar wahala a nan, kuɗin jinyar ake nema, wataƙila da na lauya. Wanda ya aika wasiƙa mai layi biyar yana cewa sai mun haɗu a kotu ya riga ya ɗaure hannun lauyansa. Idan kuɗin da ake magana a kai mai yawa ne, a ga lauya kafin a aika ƙara ta ƙarshe.

Akwai hujja ta biyu da ake iya haɗawa, ta daidaito. Dokar 2008 mai ɗauke da sunan sanatoci Paul Wellstone da Pete Domenici ba ta tilasta wa kowace inshora biyan jinyar ƙwaƙwalwa ba, amma ta ce idan tana biya, ba za ta ɗora mata sharuɗɗan da suka fi na ciwon jiki tsanani ba. Tambayar da za a yi ke nan: wanda ya karye a ƙugu aka kai shi cibiyar farfaɗowa, ana bitar sa duk bayan kwana uku? Ana cewa sai ya gwada daga gida ya kasa tukuna? Tun dokar kasafi ta 2021 wajibi ne kamfanoni su rubuta nazarin da ke kwatanta ɓangarorin biyu. A nemi wannan nazarin a wasiƙar ƙara. An ƙara ƙarfafa ƙa'idojin a Satumbar 2024, amma a Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta ce ta dakatar da tilasta sababbin sassan bayan ƙarar da ƙungiyar manyan ma'aikatu ta shigar. Dokar 2008 da wajibcin 2021 suna nan daram. Sai dai ba su shafi Medicare ba, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi da naƙasassu, inda har yau akwai iyakar kwana 190 a tsawon rayuwa na kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa zalla.

Idan kamfani ya tsaya a kan bakansa, sai bitar waje, wadda a ganinmu ita ce mafi amfani cikin duk abin da dokar lafiya ta 2010 ta kawo a wannan fanni. Ana da wata huɗu daga ƙin ƙarshe. Ana miƙa fayil ga wata hukuma mai zaman kanta, likitan da ba ma'aikacin kamfanin ba ya duba, ya yanke cikin kwana 45, ko awa 72 idan na gaggawa ne. Idan ya ce a biya, dole kamfani ya biya. Wani wuri kyauta ne, inda ake karɓar kuɗi ba ya wuce dala 25. Abin da mutane ba su sani ba shi ne idan majinyaci yana kwance ba a sallame shi ba, ana iya neman bitar waje ta gaggawa a lokaci ɗaya da ƙarar cikin gida, ba sai an jira ba. Likita ne zai rubuta cewa jinkiri zai jefa rai ko lafiya cikin haɗari. Haka kuma idan kamfani ya karya ƙa'idojinsa na wa'adi, ana iya ɗaukar an gama da shi a wuce gaba. Bayan an karɓi buƙata ana ba da 'yan ranakun aiki kaɗan domin aika ƙarin shaida kai tsaye ga mai bitar. A yi amfani da su, kada a dogara da abin da kamfani zai tura.

Wani ƙin kuma cewa ake yi cibiyar ba ta cikin jerin kamfani. Kafin a haƙura a gwada jerin. A kira cibiyoyin da kamfani ya lissafa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta amsar kowace: lamba ba ta shiga, ba sa karɓar wannan inshora, babu gado sai bayan mako shida, ba sa karɓar mai ciwon ƙwaƙwalwa haɗe da shaye-shaye. A 2023 ma'aikatan kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka sun yi irin wannan gwajin a jerin likitocin ƙwaƙwalwa na wasu tsare-tsaren Medicare, suka samu ganin likita a kashi 18 cikin ɗari kacal na kiran da suka yi. Da wannan rubutaccen jerin ake neman kamfani ya ƙulla yarjejeniya ta mutum ɗaya da cibiyar waje, ya biya kamar tana cikin jerinsa.

Masu karatu na gida kada su ga kamar labarin nesa ne. Najeriya ta yi dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a 2022 wadda ta wajabta inshorar lafiya, aka kuma sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Duk wanda ya taɓa zama a benci yana jiran lambar izini daga kamfanin HMO kafin a tura shi ga ƙwararren likita ya ɗanɗani farkon wannan tsari. Da yawan matasan da kodin da taramol suka kama a Arewa, yanzu ne ya kamata a nemi a rubuta wa'adin amsa, dalilin ƙi a takarda, da mai bita mai zaman kansa.

Idan duk an yi kuma ranar sallama ta zo ƙara ba ta dawo ba, kada a fita hannu rabbana. A nemi rana da lokacin ganin likita na gaba a rubuce, cikin mako guda, da maganin da zai kai shi ranar. Ga mai shan ƙwayoyi dangin hiroyin a tambaya ko za a fara masa buprenorphine ko methadone, magungunan da ke rage ƙishirwar ƙwaya, kafin ya fita. Tun farkon 2023 likita ba ya buƙatar izini na musamman kafin ya rubuta buprenorphine. A sayi naloxone na fesawa a hanci, tun 2023 ana sayar da shi a kantin magani ba tare da takardar likita ba, a ajiye ɗaya a ɗakinsa ɗaya a jakar mahaifiyarsa, a koya wa kowa a gidan yadda ake fesa shi sannan a kira 911. Idan yana maganar mutuwa a kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu, dare ko rana. Domin neman cibiya akwai layin SAMHSA, hukumar tarayya mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, 1-800-662-4357. Masu inshorar wurin aiki kuma su kai ƙorafi sashen EBSA na ma'aikatar ƙwadago a 1-866-444-3272, suna da jami'an da ke tuntuɓar kamfani a madadin ma'aikaci kyauta. Kwanakin da iyali suka biya daga aljihu kuma a adana rasit ɗinsu, domin ana iya neman a mayar da kuɗin ta ƙarar bayan jinya cikin kwana 180 ɗin nan.

Wassalam.